Kafin Hadari Ya Iso: Yadda Asusunmu Ya Koyi Sauraron Gargaɗin Ruwa

 

Shamuwa ta dawo, zafi ya kai inda ya kai, maza sun shiga sassabe. A irin wannan lokaci maganar kowane asusu ɗaya ce: wa za ta ɗauki bashin iri, wa za ta ɗauki na taki. Mu kuwa a wannan fitowa mun zo da wata magana wadda da can ba mu ɗauke ta maganar mata ba, wato sanin zuwan ruwa da iska kafin su iso. Asara ce ta koya mana ita, shi ya sa ba mu so ku ma sai kun yi asarar sannan ku koya.

Abin da damanar 2024 ta yi mana

Babu wadda ta manta ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024. A ranar aka yi ruwa a birnin Maraɗi wanda ya kai milimita 150 cikin kamar awa ɗaya da rabi. Aƙalla mutum 15 suka rasu, gidaje suka zube, hanyoyi suka yanke. A ƙasa baki ɗaya, ambaliyar wannan shekara ta kashe sama da mutum 300, ta shafi sama da mutum miliyan 1, kuma jaharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Komawa lakwal ma sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa cike suke da waɗanda ruwa ya kora. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa masu asara da alheri.

In an ce milimita 150, wata za ta ce mi ke nan? To ga lissafi irin namu. Milimita 1 tana nufin lita 1 ta sauka bisa kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, a ranar ya ɗauki lita 2,400 bisa rufinsa. Jarka 96 ke nan ta lita 25, a kan ɗaki guda, kafin a gama dafa tuwo. Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara ɗungum bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. Ina bangon laka zai iya da wannan?

Mu nan Tsibiri ba mu tsira ba a wannan damana. Mu 28 ne a asusunmu. Akwatinmu yana ɗakin ma'ajiya, a ƙasa, bayan gado, inda ya shekara da shekaru. Ruwa ya yi kwanaki yana jiƙa gindin bango, wani dare bangon ya kwanta. Allah ya tsare, ta fitar da yara kafin nan. Da gari ya waye aka tono akwati cikin taɓo. Takardun kuɗi mun shanya su bisa tabarma sun bushe. Buhu 4 na gyaɗa da masu man gyaɗa suka saya da bashi sun yi funfuna. Amma babban ciwo shi ne kaye. Ruwa ya shiga, tawada ta narke, shafukan suka manne kamar kunu.

Kuɗinmu jika 340 suna waje hannun mata 17, ga shi babu rubutu. Zama uku muka yi ana ja-in-ja. Wannan ta ce ta biya rabi, waccan ta ce ba ta gani ba. Mata biyu da suka yi shekara 9 suna zama tabarma ɗaya suka daina gaisawa. Abin da ya cece mu wata dattijuwa ce cikinmu, wadda ta shiga asusu tun zamanin da ba a rubutu, sai dai kowa ta riƙe na ƴar'uwarta a ka. Ta zauna ta jero bashin ɗaya bayan ɗaya, masu makulli suna gaskata ta. Da ta gama ta ce: "Ku ɗiyan yanzu kun dogara ga takarda. To ga shi nan ruwa ya sha ta. Da kun san yana tahe, ai da kun ɗaga ta sama."

Maganar nan ta tsaya mana a rai. Da muka bincika sai muka ji abin da ya fi ba mu haushi: ashe tun watan Afrilu na 2024 masana yanayi na Afirka ta Yamma sun sanar cewa damanar za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba a yankin Sahel, kuma a yi hattara da ambaliya. Wata huɗu labarin yana yawo, bai shigo zaman asusunmu ba ko sau ɗaya.

Su wa ke kallon sama?

Iyayenmu suna da nasu sani, kuma ba mu raina shi ba: dawowar shamuwa, juyawar iska, kukan kwaɗi, yadda gabas ke haɗewa da la'asar. Sai dai ido ba ya ganin hadarin da ke bayan Damagaram. Akwai na'urar da ke ganinsa.

Can sama, nisan kilomita kusan 36,000, akwai tauraron ɗan'adam mai suna Meteosat. Tafiyarsa daidai take da juyawar duniya, shi ya sa kullum yana saitin Afirka. Duk minti 15, ko ƙasa da haka, yana ɗaukar hoton gajimare ya aiko. Ma'aikatar meteyo ta ƙasa tana haɗa waɗannan hotuna da awon ruwa da iska da ake yi a garuruwa, ta fitar da hasashen yau da na gobe, a karanta a Muryar Sahel da Télé Sahel da rediyoyin garuruwa, a kuma sa a intanet. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan da kakanninmu ke ba da labari. Ita da abokan aikinta ke taro kowace shekara kafin damana su faɗi yadda suke ganin za ta kasance. Maƙwabtanmu na Najeriya su ma suna da tasu hukuma, NiMet, wadda ke ba da hasashen Katsina da kewaye.

Abin da ya sake a ƴan shekarun nan shi ne, hoton da dā sai babban ma'aikaci ke gani, yanzu yarinya mai babbar waya tana iya buɗe shi a tsakar gida. Akwai manhaja irin Windy, kyauta ce, mega kawai take ci. In an buɗe ta sai taswira ta fito, a nemo Maraɗi, a zaɓi hoton gajimare ko na ruwa ko na iska. Inda sama take garau babu komai. Inda hadari ya yi kauri sai a ga dunƙule, launinsa yana ƙara zafi daidai da ƙarfinsa. In an danna hoton ya motsa, sai a ga inda dunƙulen ya fito da inda ya dosa.

Hadarinmu daga gabas yake zuwa

Kowace mace ta san hadarin gabas shi ne mai ruwa. Taswira ta tabbatar da haka. Manyan hadurran damana suna tashi ne daga gabas su yi yamma, iska mai ƙura a gaba, ruwa a baya, suna gudu kamar kilomita 50 zuwa 60 a awa. Wanda aka gani bisa Damagaram, in bai mutu a hanya ba, in kuma bai kauce ba, yana iya iso mana cikin kamar awa 4. Wanda ke Tasawa kuwa kamar awa 2. Awa 2 ta isa a kwashe shanya, a ɗaure awaki nesa da bango, a kira yara daga bakin korama.

Ga wani abin mamaki da muka koya. Irin waɗannan hadurra da ke ratsa mu, wasunsu suna ci gaba har su wuce Mali da Senegal su faɗa tekun Atlantika. Can bisa ruwan ɗumi wasu ke ƙara ƙarfi, su zama mahaukaciyar guguwar nan da muke gani a talabijin tana ɗaye rufin gidaje a Amurka da tsibiran Karebiyan. Lokacin guguwarsu daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, kusan tare da damanarmu. Akwai cibiya a birnin Miami da ke bin sawun kowace guguwa, a raɗa mata suna, a zana hanyarta a taswira kwanaki kafin ta iso, mutane su kwashe iyalansu su tashi. Wato hadarin da ya wuce ta kanmu ba mu san da zuwansa ba, su can suna jiransa da takarda a hannu. Shi ya sa a 2022 babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya ce ana son kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya riƙa samun gargaɗi kafin bala'i. Mu dai mun ce ba za mu zauna jiran 2027 ba.

Ruwan da ke zuwa babu hadari

Ƴan bakin gulbi suna da wani haɗari na daban. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar ruwa ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Jiratawa, Maraɗi, Tsibiri, Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. In an kwana ana ruwa a Katsina, gulbi yana iya cika mana alhali samanmu fes take. Wannan ba sabon abu ba ne. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, dalilin da ya sa aka mai da birnin bisa tudu inda yake yau.

Akwai taswirar intanet ta ambaliya, irin Flood Hub ta Google, wadda ke nuna inda ake sa ran kogi zai cika. Sai dai ta fi aiki ga manyan koguna, ba ta ganin koramar da ke bayan gidanki. A Yamai ana auna kogin Kwara da launi huɗu: kore, rawaya, ruwan goro, ja. In ya kai santimita 620 an shiga ja, kuma a Satumba 2020 sai da ya kai 700. Mu a gulbinmu babbar na'urarmu ita ce ƴan'uwanmu da ke sama da mu. Matar Madarunfa tana ganin ruwa kafin ta Jiratawa, ta Jiratawa kafin ta Maraɗi, ta Maraɗi kafin mu.

Tsarin da muka yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan rabon shekarar nan muka zauna muka ƙara waɗannan cikin dokokin asusu:

1. Mun naɗa mai kallon sama, kamar yadda muke da ma'ajiya da masu makulli. Tana aiki da ɗiyarta da ke kwaleji, mai babbar waya kuma mai jin Faransanci. Daga Yuni zuwa Oktoba suna duba sanarwar meteyo da safe, su duba taswira bayan la'asar, don manyan hadurranmu da yamma ko da dare suka fi zuwa.

2. Kowa tana ƙara dala 5 a zubin mako na damana, kuɗin mega da cajin waya. Bai kai kuɗin ƙosai ba.

3. Da yake mu 28 ne, babbar waya kuwa 5 kawai, mun kasa kanmu gida-gida. Mai kallon sama tana aika saƙon murya da Hausa ga mata 4, kowace ta kira ko ta taka zuwa gidaje 6 da ke wuyanta. Babu wadda ake bari don ba ta da salula ko ba ta karatu.

4. Mun ɗauki launuka uku. Rawaya: a kwashe shanya, a rufe buhuna. Ruwan goro: a ɗora akwati da hatsi bisa benci, a sa takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa cikin leda, a caje waya da tocila. Ja: mai ɗakin da ya tsage ko ya jiƙe kada ta kwana ciki da yara. Tun yanzu kowace irin wannan ta san gidan da za ta.

5. Duk ranar zubi, in an gama rubutu, ana ɗaukar hoton shafin kaye a aika wa mata biyu. Kayen kuma yana cikin leda biyu kafin ya shiga akwati.

6. Mun ƙulla zumunci da wani asusu na Jiratawa da wani na wajen Tasawa. Na farko suna gaya mana halin gulbi, na biyu halin gabas.

Ban da wannan, kafin ruwan fari kowa ta duba gindin bangonta, a yi yaɓe, a gyara indararo, a kwashe leda da shara daga magudanar ruwa. Gargaɗi ba ya riƙe bangon da ya riga ya ruɓe.

Ranar da aka yi mana dariya

Gaskiya ɗaya ce, abin ba kullum yake daidai ba. Wani dare aka ga dunƙule ja bisa Tasawa, muka yi shelar ja, mata suka kwashi yara da tabarmi suka yi gidajen maƙwabta. Hadarin ya kauce kudu, ko ɗigo ba mu samu ba. Da safe maza a bakin masallaci suna cewa: "Ina ruwan da matan asusu sunka ce? Ko waya ta shanye shi?" Wasu cikinmu suka ji kunya, har aka ce a bar abin.

Muka zauna muka auna. Mi muka rasa a daren? Barci ɗaya. Mi muka rasa a 2024? Ba sai an faɗa ba. Amma mun gane namu kuskuren: mun yi gaggawar kiran ja daga hoto ɗaya. Yanzu sai mai kallon sama ta duba sau biyu, tsakaninsu rabin awa, ta ga inda hadarin ya dosa, ta kira ƴan Tasawa ta ji abin da ya yi can, sannan ta yi magana. Kuma ba ta cewa "za a yi ruwa". Cewa take "akwai alamar ruwa mai ƙarfi, Allah ne masani, a shirya". Hasashe ne, ba sanin gaibu ba. Mai ganin gabas ta haɗe ta kwashe wankinta, ai ba a ce ta yi duba.

Bayan kamar mako uku aka sake shela. Wannan karo iska ta zo da ƙarfi, ta ɗaye kwanon rumfar wata ƴar'uwarmu, ruwa ya kwanta tsakar gidanta har idon sawu. Buhunanta suna bisa benci, awakinta suna gidan yayarta. Cikin masu dariyar nan, akwai wanda yanzu yake aiko yaro da la'asar ya tambayi abin da waya ta ce.

Ku yi hattara kuma da ƙaryar WhatsApp. Da damana ta faɗi sai saƙonni su yi yawa: an buɗe madatsar Jibiya, gari kaza ya nutse, ga hoto. Sau da yawa hoton na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Dokarmu ita ce tambaya uku: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari? Saƙon da ba shi da kwanan wata, ba shi da sunan ma'aikatar da ta fitar da shi, ba mu tura shi gaba sai mun kira wani da ke wurin. Tsoratar da mutane a banza yana sa ranar gaskiya su ƙi tashi.

Bashi ma yana bin yanayi

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE, dubarar ita ce a yi tanadi kafin buƙata. Sanin yanayi ma tanadi ne. Yanzu kafin mu ba da bashin damana sai mun ji abin da aka ce game da shekarar. In an ce mai ruwa ce, wadda gonarta ke cikin fadama muna ba ta shawara kada ta zuba duk bashinta can, ta raba shi, wani kashi ga kiwo ko sana'ar gida. In an ce ruwa zai makara ko zai ɗauke da wuri, sai a nemi iri mai saurin nuna wurin malaman gona. Mun kuma daina barin akwati fayau a watan Agusta. Kuɗin taimakon juna ba a taɓa su daga Yuli zuwa Satumba sai don ciwo ko rushewar ɗaki, don mun ga yadda zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke biyo bayan ruwa.

Ga ƴan abubuwa kuma da za ku gaya wa yara. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babba, balle yaro, don haka ba a ƙetare korama sai ta janye. In ana walƙiya ba a fakewa gindin itace. Daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, kowane daƙiƙa 3 kilomita 1 ne, in sun zo kusan tare to tana kanku, a shiga ɗaki. Wayar lantarki da ta faɗi cikin ruwa ba a matsa mata. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Roƙonmu gare ku

Sarƙar da muka ƙulla har yanzu gajera ce. Muna neman asusu a Madarunfa da Ɗan Isa da za su riƙa ba da labarin gulbi, da wasu a Gazawa, Agye da Cadawa da za su riƙa ba da na gabas. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kiran ƴan Gidan Runji duk lokacin da ruwa ya wuce mu. Duk asusun da ke so, shugabarsa ta ba da lambar mai kallon samansu a taron shugabanni mai zuwa. Wadda ba ta san yadda ake buɗe taswirar ba ta zo da wayarta da caji, yarinyarmu za ta nuna mata.

Muna kuma roƙon masu rediyo da magadan gari: in sanarwar meteyo ta zo, a karanta ta da Hausa, a faɗi sunayen garuruwa, a maimaita ta lokacin da mata ke gida suna girki, ba sau ɗaya cikin labaran Faransanci ba.

Ku sa maganar nan cikin zamanku na makon gobe, tun kafin ruwan shuka. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ɗiyanmu da dukiyarmu. Amin.

Daga ƴan'uwanku, matan asusu na Tsibirin Gobir.